Kogon da Farfesa Ya Sayo a Kwali

Ba jami'a ce ta ba shi sunan Farfesa ba. 'Yan ƙungiyar kiɗansu ne suka laƙaba masa, ranar da ya shafe minti arba'in yana koya wa mai ganga yadda ake riƙe sanda, alhali shi ko bokiti bai taɓa bugawa ba. Su da zolaya suka faɗa. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a bayan jakar jitarsa da fenti ruwan zinare.

Masu jitar lantarki biyu ne a ƙungiyar: Farfesa, da wani dogon saurayi da ake kira Shiru, wanda in ya ce maka sannu da safe to ya gama maganar ranar. Ranar Litinin bayan atisaye, Oga, wanda shi ne mawaƙin ƙungiyar kuma mai ita, ya tsayar da su biyun a bakin ƙofa.

"Wani otal ya ba mu aikin kowane mako, shekara guda cur," in ji Oga. "Amma dandalinsu mutum biyar yake ɗauka, mu kuwa mu shida ne. Jita ɗaya za ta sauka. Ranar Asabar da ƙarfe uku na rana muna da wasa a wurin buɗe wani sabon shago. Wanda ya fi gamsar da ni a cikinku, shi zai bi mu otal. Ɗayan kuma Allah ya haɗa shi da rabonsa."

Farfesa ya dafa kafaɗar Shiru cikin tausayi. "Kada ka sa damuwa a ranka, ɗan'uwa. Zan riƙa turo maka hotuna."

Shiru ya gyaɗa kai, ya naɗe wayar jitarsa.

Kwana biyu Farfesa ya yi yana kallon manyan makaɗan duniya a waya, kuma ya gano sirrin da ya raba shi da su. Ba yatsu ba ne, don yatsunsa ba su da matsala, shi ya tabbatar wa kansa da haka. Ba atisaye ba ne, don atisaye na masu koyo ne. Fedal ne. Wato ɗan akwatin ƙarfen nan da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da sifika, a taka shi da ƙafa, sai sauti ya yi jela, ya riƙa amsa-kuwwa kamar a cikin babban zaure kake kaɗawa. Makaɗa suna ce masa ribab. Farfesa ya faɗi kalmar a gaban madubi sau goma, har ta zauna masa a baki kamar da ita aka haife shi.

Ranar Laraba ya dira a shagon kayan kiɗa. Mai shagon dattijo ne, ya yi shekara talatin yana kaɗa jita kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji da hawa dandali. Ya jera wa Farfesa fedal uku a kan kanta.

"A ina za ka kaɗa, samari?"

"A gaban jama'a, Baba."

"Na ji. Ɗakin nake tambaya. Babba ne ko ƙarami? Akwai labule? Ƙasan kafet ne ko siminti?"

"Baba, jita nake kaɗawa, ba duba gini na zo yi ba."

Dattijon ya zare tabarau ya goge da gefen riga. "Kowane ɗaki yana da tasa amsa-kuwwar, ɗana. Fedal ciko ne kawai, yana ba ka abin da ɗakin ya rasa. In ɗakin yana da ita ka sake ƙara masa, kai da kanka ba za ka gane abin da kake kaɗawa ba. Je ka ga wurin tukuna, ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara. Sannan ka dawo mu zaɓa. Ga wannan ƙaramin, maɓalli ɗaya gare shi, ya ishi mutum rayuwa."

Farfesa ya dubi ƙaramin kamar an miƙo masa cokalin jariri. Idonsa yana can sama, kan wani ƙaton kwali mai hoton taurari.

"Wancan fa?"

Baba ya yi ajiyar zuciya ya sauko da shi. Fedal ne mai faɗin faranti, da shuɗiyar fitila, da maɓallan murɗawa guda uku. Na farko yana zaɓar girman wurin: ɗaki, zaure, kogo. Na biyu tsawon jelar sautin. Na uku yawan amsa-kuwwar da za a zuba a kan ainihin kiɗan.

"Tun da na kawo shi mutum biyu suka saya," in ji Baba. "Dukkansu sun dawo da shi."

"Don ba su kai ba ne," in ji Farfesa. "Sa mini a leda."

Farfesa yana zaune ne a ɗakin bayan shagon yayarsa, wadda take sayar da katifu da filo da labule. A gaskiya sito ne, ita ce ta ji tausayinsa ta matsar da kaya aka sami wurin shimfiɗa. Katifu jingine a kowane bango har rufi, filo tuli guda a kusurwa, labule a rataye bisa igiya ta ko'ina. Ɗaki ne da in ka tafa hannu a ciki sai ka ji kamar burodi ka mara. Duk sautin da ya fito, katifa ta haɗiye shi kafin ya yi taku biyu.

A nan ya jona fedal. Ya sa shi a kan ɗaki, ya kaɗa: bai ji komai ba. Ya kai zaure: ɗan ƙamshi-ƙamshi. Ya murɗa zuwa kogo, ya kai jela ƙarshe, ya kai maɓalli na uku har ya ƙi gaba. Sannan ya ja tsirkiya ɗaya.

Wayyo daɗi! Sautin ya tashi ya yi lilo, ya sauko a hankali kamar gashin tsuntsu. Farfesa ya rufe ido. Ya ga kansa a otal, fitilu a kansa, Oga yana share hawaye, Shiru yana can gida yana duba hotuna.

Labule ya ɗaga, Yaya ta leƙo da almakashi a hannu.

"Kai, lafiya? Na zaci saniya ce ta faɗa rijiya tana kiran 'yan'uwanta."

"Yaya, wannan shi ake kira zurfin sauti. Sai wanda ya yi nazari."

"To mai nazari, akwai mata biyu a waje suna zaɓen filo, ɗaya ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mana."

Mai askin da ke maƙwabtaka da su ma ya leƙo ta bayanta, da kumfa a hannu. "Farfesa, in injin ne ya lalace akwai makaniki a ƙarshen layi."

"Ranar Asabar za ku ji labari," in ji Farfesa.

"Ai tun yau muna ji," in ji mai aski.

Da suka fita, wani tunani ya faɗo masa, irin tunanin da ba ya zuwa wa kowa sai masu kaifin basira. Ya sami saitin da babu irinsa a duniya. To in wani ya taɓa fa? Mai ganga yana da ƙaiƙayin hannu. Shiru kuma, ai irin waɗannan marasa maganar su ne abin tsoro. Ya ɗauko gam mai kama ƙarfe a akwatin Yaya, ya zagaye kowane maɓalli da shi, ya ƙara, ya sake ƙarawa don tabbaci. Gam ya gangara ya shige ƙarƙashin wurin takawa. Da safe ya taka don ya kashe, ya ji kamar dutse ya taka. Shuɗiyar fitila tana nan a kunne.

"Hakan ma ya fi," ya ce wa katifu. "Wane mahaukaci ne zai kashe irin wannan?"

Ranar Juma'a Oga ya kira shi. "Gobe da ƙarfe goma na safe za mu je mu gwada sauti a wurin. Kada ka makara."

"Oga, ni na riga na gwada."

"A ina?"

"A sutudiyona."

"Yaushe ka yi sutudiyo?"

"Ku dai je da Shiru, shi yake buƙata. Zan same ku a can."

Ya same su kuwa, ƙarfe uku saura minti biyar, da baƙin tabarau da fedal a hammata. Sai da ya tura ƙofar gilashi ya shiga sannan ya ga irin shagon da ake buɗewa. Shagon tayil ne. Ƙasa tayil. Bango tayil, daga ƙasa har sama. Ginshiƙai tayil, matakala tayil, hatta teburin karɓar baƙi tayil aka manna masa. Rufin yana can sama kamar na tashar jirgi, gaban shagon duk gilashi. A gefe an jera bahon wanka da wurin wanke hannu, farare tas, suna ƙyalli. Wata mata ta ajiye kofi a kan tebur, sai da ƙarar ta zaga zauren ta dawo ta gaishe ta.

Mai hankali zai tsaya nan ya tuna da Baba. Farfesa ya dubi wurin ya ce, "Madalla. Wuri mai tsabta."

Mai ganga ya shimfiɗa tawul a kan gangunansa, yana riƙe da wasu siraran sanduna. Mai fiyano ya rage sifikarsa har kusan ƙasa. Shiru yana tsaye da jitarsa da waya guda ɗaya, daga jita zuwa sifika, shi ke nan.

"Ina kayan aikinka?" in ji Farfesa.

Shiru ya ɗaga wayar.

"Allah sarki," in ji Farfesa.

Baƙi sun kai ɗari, 'yan kwangila da matansu da ma'aikatan kamfani, kowa da ɗan farantinsa. Manajan shagon ya ɗaga wa Oga hannu. Mai ganga ya ƙirga huɗu. Waƙar farko da jitar Farfesa take buɗewa, don haka ya ware ƙafa, ya ɗaga hannu sama yadda ya gani a waya, ya sauke shi a kan tsirkiya shida gaba ɗaya.

Fedal ya karɓi sautin ya mayar da shi kogo. Zauren ya karɓi kogon ya buga da bangon gabas, bangon gabas ya miƙa wa na yamma, na yamma ya jefa wa rufi, rufi ya zuba shi cikin bahon wanka goma sha biyu, kowanne ya amsa da muryarsa. Kafin na farko ya gama yawo Farfesa ya saki na biyu, suka yi karo a tsakiyar zaure. Na uku ya zo ya tarar da faɗa ya shiga. Oga ya buɗe baki ya fara baiti na farko, amma jitar tana can tana nanata gabatarwa, ba ta da niyyar tahowa.

Wani ɗan kwangila ya ɗaga kai yana duba rufi, irin duban wanda ya san yadda gini yake faɗuwa. Wata dattijuwa ta ajiye faranti ta toshe kunnuwa. Mai gadi ya ruga waje ya duba ko tirela ce ta shigo layin.

"Rage!" Oga ya yi ihu a gefen makirufo.

Farfesa ya ɗaga masa babban yatsa.

"Na ce ka rage!"

Ya durƙusa ya kama maɓalli na uku. Ko motsi. Ya kama na biyu da hannu biyu, fedal ɗin gaba ɗaya ya juya, maɓallin yana nan inda yake. Ya miƙe ya taka, ya sake takawa, ya hau kai da ƙafa biyu. Shuɗiyar fitila ta dube shi ba ta ko ƙifta ba.

"Oga, ba ya raguwa. Haka aka ƙera shi."

"Wa ya ƙera shi haka?"

"Dogon bayani ne."

"Wannan warin gam da nake ji fa?" in ji mai ganga.

Da ƙyar aka kai waƙar ƙarshe, ko kuma a ce su biyar suka kai, don jitar Farfesa ta ƙara kusan rabin minti ita kaɗai. Manaja ya karɓi makirufo don jawabi, yana murmushin dole. Oga ya jawo Farfesa bayan wani ginshiƙi.

"Cire abin nan ka jona kai tsaye kamar Shiru."

"Oga, fedal ba shi da laifi. A sutudiyona kamar zuma yake. Zauren ne ba a gina shi daidai ba. Ba ni minti goma sha biyar."

Bai jira amsa ba ya fice da waya a kunne. Shagon Yaya layi uku ne kawai daga nan.

"Yaya, loda katifu shida a mota ki taho yanzu-yanzu. Manya-manyan."

"Wa zai saya?"

"Wurin nan cike yake da masu gina gidaje. Kowane gida kuma sai da katifa. Ki yi tunani irin na 'yan kasuwa mana."

Wannan ce magana mai ma'ana ta farko da ya yi a makon, kuma bisa kuskure ya yi ta. Yaya ta taho.

Allah ya sa manajan mai son jawabi ne. Ya gode wa shugaban kamfani, ya gode wa magina, ya ba da tarihin tayil tun daga yumɓu. Yana tsaye ya ba wa babban bangon baya, bai san Farfesa yana ta jan katifu ta ƙofar gefe yana jingina su da bangon ɗaya bayan ɗaya ba. Baƙi suna gani, amma ba wanda ya ankarar da manajan, don kowa yana so ya ga ƙarshen abin.

"Yanzu kuma," in ji manaja, "ga abin da muka tara ku dominsa. Tayil ɗin da babu irinsa a kasuwa, wanda muka jira wata takwas kafin ya iso. Jama'a, ku dubi wannan bango!"

Ya juya da hannu a buɗe. Katifu shida suka dube shi, huɗu masu furanni, biyu masu hoton agwagwa.

Dariyar da aka yi, zauren ya ninka ta sau uku.

"Wane ne ya yi wannan?"

Farfesa ya matso yana gyara tabarau. "Ni ne, ranka ya daɗe. Gyara ne na kimiyya. Matsalar wurin nan, tayil ya yi yawa."

"Tayil ya yi yawa."

"Ƙwarai."

"A shagon tayil."

"Ai shi ya sa na ce matsala ce. Da kafet kuke sayarwa, da yau kun ji kiɗa."

Manaja ya juya wajen Oga, jijiyar wuyansa ta fito. Oga, don ya rufe abin kunya, ya daka wa mai ganga tsawa: "Ƙirga!" Aka faɗa waƙa ta biyu a guje. A tsakiyarta akwai wurin da jita take fita ita kaɗai, kuma tun asali Oga ya raba: rabin farko na Farfesa, rabi na biyu na Shiru.

Farfesa ya san nan ne otal yake. Ya rufe ido, ya karkata baya, ya ja da baya taku ɗaya, taku biyu, yana lanƙwasa tsirkiya. A taku na uku ya jingina da katifar agwagwa.

Manajan bai yi ƙarya ba, tayil ɗin nan babu irinsa wajen santsi. Gindin katifar ya zame. Ta ture ta kusa da ita, waccan ta ture ta gaba, ta ƙarshen ta kifo a kan Farfesa ta tura shi gefe. Ya yi taga-taga, bayan gwiwarsa ya bugi bakin bahon wanka mafi tsada a shagon, ya faɗa ciki ƙafafu a sama. Jitar ta daki bakin bahon: ƙwam!

Fedal bai san bambancin kiɗa da hatsari ba. Ya karɓi ƙwam ɗin nan da mutunci, ya sa shi a kogo, ya ba shi jela mafi tsawo. Ƙwam ya zaga zauren, ya hau matakala, ya sauko, ya leƙa kowane baho. Manaja yana magana, bakinsa kawai ake gani.

Sai Shiru ya tako a hankali, ya sunkuya, ya zare waya ɗaya daga bayan fedal. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta mutu. Ya koma wurinsa, ya dubi rufi, ya ja tsirkiya ɗaya tak da jitarsa mai waya guda.

Sautin ya tashi ya yi lilo, ya sauko a hankali kamar gashin tsuntsu. Farfesa, daga cikin baho, ya gane shi. Shi ne sautin nan na ɗakin katifu, sak, sai dai wannan zauren ne ya ba da shi kyauta. Shiru ya kaɗa rabinsa, yana barin tazara tsakanin sauti da sauti don kowanne ya gama yawonsa. Dattijuwar nan ta sauke hannu daga kunne. Mai gadi ya dawo ciki. Da ya gama aka yi tafi, har manaja ya tafa sau biyu kafin ya tuna yana fushi.

Oga ya zo bakin baho ya leƙa.

"Oga," in ji Farfesa, tabarau a karkace, "ka dai lura ni na gyara masa zauren kafin ya kaɗa."

"Na lura da komai. Shiru, Juma'a mai zuwa ƙarfe biyar, a otal. Kai kuma fito daga kayan mutane kafin a ce ka saya."

Wadda ta fita da riba a taron ita ce Yaya. Kafin a kwashe katifun daga ƙasa, matan 'yan kwangila uku sun zauna a kai sun gwada laushi, ita kuma tana ta raba lambar waya. Aiki ya yi mata yawa har ta buƙaci mai ɗauka, kuma ba ta yi nisa wajen nema ba.

Ranar Litinin Farfesa ya mayar da fedal wurin Baba. Dattijon ya gwada murɗa maɓalli, ya shinshina, ya miƙa masa abinsa.

"A ina ka kaɗa?"

Farfesa ya dubi ƙasa. "Shagon tayil."

Baba ya jawo kujera ya zauna, don gwiwoyinsa ba za su iya ɗaukar irin wannan dariyar a tsaye ba.

Ranar Juma'a da yamma, Farfesa yana gindin matakalar wani dogon bene da katifa a kafaɗa, wayarsa ta yi ƙara. Ya jingina katifar ya duba. Hoto ne daga Shiru: dandalin otal. Kafet mai kauri har idon sawu. Labule masu nauyi daga rufi zuwa ƙasa a kowane bango. Kujeru duk na soso. A ƙarƙashin hoton akwai magana mafi tsawo da Shiru ya taɓa yi a rayuwarsa: "Wurin nan babu amsa-kuwwa ko kaɗan. Ko za ka ara mini fedal ɗinka?"

Farfesa ya daɗe yana kallon labulen. Sannan ya miƙa wa Yaya wayar, ƙirji a gaba.

"Kin gani ko? Ban faɗa ba? Ga shi sun dawo suna roƙo."

"Na gani, Farfesa," in ji Yaya. "Kama can ƙarshen. Hawa na huɗu za mu, kuma babu lif."